Jitar Bes: In Ba Maƙeri Aiki Ko In Sayi Ta Sanannen Kamfani?

Tambaya: Na ɗau 'yan shekaru ina kaɗa bes mai tsirkiya huɗu, irin mai arahar nan ta masu koyo. Yanzu na tara kuɗi, ina son wadda zan daɗe da ita, wataƙila mai tsirkiya biyar. Wani maƙeri mai ƙaramin shago ya ce zai haɗa mini yadda nake so, ni zan zaɓi katako da komai, amma sai na jira kusan shekara. Abokan kiɗana kuwa cewa suke in sayi Fender ko Music Man in huta. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, a halin da ka kwatanta, ta kamfani za ka saya. Sai dai kada ka karɓi wannan ka tashi, domin dalilin ya fi amsar amfani, kuma akwai waɗanda in su suka tambaye ni, maƙerin zan tura su.

Daga tambayarka na ciro hukuncin. Ka ce kuɗi sun taru, ka ce za ka zaɓi katako, amma ba ka faɗi abin da bes ɗinka ta yanzu ta gaza yi maka ba. Ko tsirkiya ta biyar ɗin ma da "wataƙila" ka kawo ta. Shi maƙeri tamkar tela yake. In ka kai masa awo daidai, zai yi maka ɗinkin da ba za ka samu a kanti ba. In kuwa ka je kana cewa "yi mini mai kyau dai", abin da ya yi wa ransa daɗi zai ɗinka, kai kuma ka biya.

Ga irin tambayoyin da zai jero maka ranar da kuka zauna. Tsawon tsirkiya daga makarin da ke saman wuya zuwa jakin da ke gindi, inci 34 kake so ko 35? Inci 34 shi ne awon da Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, ya sa wa bes ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951, kuma har yau shi ne awon da akasarin kamfanoni ke bi. Masu tsirkiya biyar da yawa sun koma 35 don tsirkiyar B ta ƙasa, wato ta biyar ɗin mai sauti mafi kauri, ta ɗaure sosai, ba ta yi lako-lako ba. Inci ɗayan nan ka ji shi kamar ba komai, amma ɗan yatsanka ƙarami zai ba ka labari a awa ta uku kan dandamali. Zai tambaye ka tazarar tsirkiyoyi a wurin jaki: milimita 19 irin ta Fender mai huɗu, ko 17.5 irin ta StingRay ta Music Man mai biyar, ko 16.5 irin ta Ibanez SR? Mai marin tsirkiya da babban yatsa yana son fili, mai gudu da yatsu biyu sau da yawa ya fi son matsatsiya. Sai faɗin wuya daga sama: Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, milimita 38 ce, Precision kuwa tana kama daga 41 zuwa 44 gwargwadon zamanin da aka yi ta. Sai kaurin bayan wuyan, da inda fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, zai zauna, da ko kana son lantarki mai batir ko maras batir. In kana da amsar waɗannan, ba daga karatu a intanet ba, daga hannunka da ya kama iri-iri ya san wadda ke gajiyar da shi, to ka kai matsayin ba da aiki. In ba ka da ita, duk wanda ka tambaya zai gaya maka nasa hannun ne, ba naka ba.

Duba yadda sana'ar ƙera wa mutum tasa ta taso ma, za ka ga buƙata ce ta haife ta, ba ado ba. A ƙarshen shekarun 1960 makaɗa sun fara neman sauti mai tsabta da ƙarfi fiye da wanda kamfanoni ke bayarwa, sai Alembic da aka kafa a 1969 a Kalifoniya ta shiga sa lantarki mai batir a cikin jita. Makaɗin bes Anthony Jackson ya daɗe yana jin sautukan da ke ƙasa da E, wato tsirkiya mafi kauri a bes mai huɗu, a kunnensa, ba shi da kayan da zai fitar da su, shi ya sa ya nemi a yi masa mai tsirkiya shida, daga B ta ƙasa zuwa C ta sama. Carl Thompson ya ƙera masa ta farko a 1975. To ka lura: wannan mutum ne da ya san abin da yake so sarai, ya kwana ya tashi a situdiyo, duk da haka ta farkon ba ta zauna masa ba, domin tsirkiyoyin sun matsu fiye da yadda hannunsa ke so. Sai da ya bi ta hannun Ken Smith, sannan ya dangana da Fodera, shagon da Vinny Fodera da Joey Lauricella suka buɗe a Brooklyn a 1983. In gwani irin wannan bai dace a karon farko ba, wanda bai taɓa riƙe mai biyar tsawon wata guda ba fa?

Babban abin da kamfani ke ba ka, wanda maƙeri ba zai iya ba komai ƙwarewarsa, shi ne ka taɓa kafin ka biya. Katako ba ƙarfe ba ne. Bes biyu da suka fito daga layi ɗaya a rana ɗaya, ɗaya na iya fin ɗaya nauyi da rabin kilo, ɗaya ta yi amo, ɗaya ta yi shiru. A kanti za ka ɗauki biyar ka ajiye huɗu. Wurin maƙeri cinikin biri a sama ne: kuɗinka sun tafi tun itacen yana gungume, abin da ya fito kuma naka ne, ko ya yi ko bai yi ba.

Tunda gwadawar ce ribar, bari in tsaya a kanta, don mutane da yawa ba su iya ta ba. Shiga kanti suke, su jona a amfilifaya, su zuba duk wata bajinta da suka iya na minti biyu, su ce ta yi. Kai fara da ɗamara. Rataya ta a kafaɗa, miƙe tsaye, sake hannuwanka duka biyu. In kan jitar ya sunkuya yana neman ƙasa, ka sani hannunka na hagu zai kwana yana tallabe wuya maimakon kiɗa, kuma masu tsirkiya biyar sun fi yin wannan saboda nauyin maɗaura biyar, wato makullan ɗaure tsirkiya, a kai. Sannan, ba tare da ka jona ta ba, kaɗa tsirkiyar G, wato mafi siriri, ka danna daga firet (ƙarafan da ke gicciye a wuya) na biyar zuwa na bakwai ɗaya bayan ɗaya, kana sakin kowane sauti ya mutu da kansa. A yawancin bes masu wuyan inci 34 akwai wuri a nan da sautin ke yankewa da wuri, domin wuyan kansa yana girgiza a daidai wannan amo yana shanye ƙarfinsa. Kusan kowace tana da shi, abin dubawa shi ne yawansa. Bayan haka goga yatsa a gefen wuya daga sama har ƙasa. In ƙarafan firet suna karce ka, katakon ya bushe ya tsuke bayan an gama aiki. Danna tsirkiyar E a firet na farko da kuma na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa tsakiya: ya kamata ka ga 'yar tazara kamar kaurin katin kasuwanci tsakanin tsirkiya da ƙarfe. In babu ko kaɗan, ko kuma ta yi yawa, roƙi mai kanti ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya kwata guda a gabanka. Idan sandar ta ƙi motsi, ko ta juya wuyan bai amsa ba, ajiye ta komai kyanta. Sai daga ƙarshe ka jona, ka mayar da duk maɓallan amfilifaya tsakiya, ka kaɗa B ta ƙasa tare da E. Ita B tana girgiza sau 31 ne kawai a daƙiƙa, E kuma sau 41. A bes mai kyau za ka ji su 'yan gida ɗaya ne. A maras kyau B ɗin gurnani kawai take, ba ka iya tantance sautin.

Riba ta biyu ita ce gyara, kuma wannan sai wanda kayansa suka taɓa mutuwa ana saura kwana ɗaya wasa ya san darajarta. Leo Fender mai gyaran rediyo ne tun asali, kuma da idon mai gyara ya tsara kayansa: wuya a ɗaure da sukurori huɗu, wayoyi a ƙarƙashin faranti ɗaya. Fikof irin na Precision da na Jazz sun zama awon da kowa ke bi, Seymour Duncan da EMG da Bartolini da DiMarzio duk suna yin waɗanda za su faɗa ramin ba sai an sassaƙa ba. Wuya ya murɗe? A kwance a sa wani. Yanzu kwatanta da bes ɗin da wuyanta ya ratsa jiki tun daga kai har gindi a manne, fikof ɗinta kuma maƙerin ne ya naɗa da hannunsa cikin wani gida na katako mai siffar da ba kowa ke yi ba. Tana da kyau, ba musu. Amma tsirkiyoyi huɗu kaɗai suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. Ranar da wani abu ya saki, mutum ɗaya ne a duniya ya san cikinta, kuma mutum ɗaya yana iya ƙaura, ko ya tsufa, ko ya bar sana'ar.

Akwai kuma maganar da masu ƙera ba sa son a yi, wato sayarwa. Fender ko StingRay ta hannu kowa ya san kimarta, in ka saka ta kasuwa ba ta daɗewa, kuma in da ma ta hannu ka saya, da ƙyar ka yi asarar kirki. Ta maƙerin da ba a san shi ba kuwa, ranar da ta shigo gidanka darajarta ta faɗi, domin abubuwan da ka biya kuɗi a kansu, kaurin wuyan da ya dace da tafinka da launin da ya burge ka, su ne mai saye zai ce a rage masa saboda su. Manyan sunaye irin Fodera da Sadowsky da Ken Smith suna riƙe daraja, amma ai waɗannan sun riga sun zama sanannun kamfanoni, ƙanana ne kawai. Haka nan injiniyan sauti: in ya hango Precision ya san inda zai taɓa kafin ka kaɗa. Wannan ƙaramin abu ne, amma mai neman a riƙa kiransa aiki ba ya raina shi.

Kada ka ɗauka ina cewa suna garanti ne. Fender ɗin ma an sayar da ita ga kamfanin CBS a 1965, ta zauna a hannunsu har 1985, kuma makaɗa sun daɗe suna kuka da nauyi da sakacin haɗi na wasu kayan shekarun 1970. Music Man, wadda ta fitar da StingRay a 1976, ta koma hannun Ernie Ball a 1984. Michael Tobias ya sayar da sunansa ga Gibson a 1990, daga baya ya dawo yana ƙera nasa da sunan MTD. Tambarin da ke kan jita yana iya zama ɗaya alhali hannuwan da masana'antar sun canja. Abin da ya taimaki mai saye a yau shi ne injin yanka mai kwamfuta. Ramin wuya da layin firet da a da sai gwani ke fitar da su daidai, yanzu masana'anta a Meziko ko Indunusiya tana fitar da su iri ɗaya dubu. Shi ya sa Yamaha BB ko Sire ko Ibanez ta tsaka-tsakin kuɗi take yin aikin da shekaru 40 baya sai ka kashe dukiya. Su kansu maƙeran da yawa da wannan injin suke fara aiki, hannu ya gama. Ba aibi ba ne, amma ka san abin da kake biya.

Batun katako, wanda na ga shi ya fi ɗaukar hankalinka, nan ne zan ɓata maka rai kaɗan. A jitar lantarki, abin da kunne ke ji ya fi fitowa daga irin tsirkiya da shekarunta, da inda fikof ya zauna, da lantarkin ciki, da amfilifaya, da yatsun mai kiɗa. Matsar da fikof inci ɗaya wajen jaki ya fi canja sauti a kan canja itacen jiki gaba ɗaya. Katako yana da tasiri, musamman taurin wuya, amma babban aikinsa nauyi ne da tsayuwa. Shi kuwa wannan ɓawon mai zanen ruwa da ake mannawa a fuska, wanda yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin, kaurinsa 'yan milimitoci ne. Ado ne. Ado ba laifi ba ne, kayan da ke burge ka ka fi ɗaukarsa ka yi atisaye, amma ka kira shi da sunansa. Shahararren makaɗin bes James Jamerson da Precision ta 1962 ya yi akasarin aikinsa a kamfanin waƙa na Motown, tsirkiyoyinsa sun yi shekaru ba a canja ba. Jaco Pastorius Jazz ce ta 1962 ya cire wa firet ya shafe wuyan da ƙaro mai tauri. Duka biyun kayan kanti ne.

To su wane ne zan tura wurin maƙeri? Na farko wanda jikinsa ya sa shi. Bes ta yau da kullum tana tsakanin kilo 4 zuwa 4 da rabi, kuma mai ciwon baya ko kafaɗa yana buƙatar wadda aka rarake cikinta ta sauka ƙasa da haka ba tare da kai ya rinjaya ba. Mai ƙananan hannuwa da ke son tsirkiya biyar a gajeren awo na inci 30 ko 32, zaɓinsa a kanti kaɗan ne. Bahago mai neman shida ko maras firet, shi ma haka. Sai wanda kiɗansa ya wuce abin da ake yi, kamar mai saukar da sauti ƙasa da B, ko da yake shi ma ya fara duba Dingwall ta Kanada, mai firet a karkace, wadda tsirkiyar B ɗinta ke kai inci 37 alhali G tana 34. Na ƙarshe shi ne wanda ya riƙe bes iri-iri har ya iya cewa, "wuyan waccan nake so, da tazarar wannan, da nauyin waccan." Wannan in ya sami maƙeri na gari, zai sami abin da ba kamfanin da zai ba shi, kuma jin daɗin kayan da aka yi dominka gaskiya ne, ba zan rage masa komai ba.

In ka ga kana cikin waɗannan, ko zuciyarka ta kafe sai maƙerin, to kada hotuna su ruɗe ka, kowa ya iya ɗaukar hoton katako mai sheƙi. Nemi ya haɗa ka da wanda ya yi wa aiki shekaru uku ko biyar da suka wuce, ka kama waccan bes ɗin da hannunka. Sabuwa ba ta faɗin gaskiya, wadda ta sha zafi da sanyi da laima ita ce shaida. Tambaye shi yadda yake busar da katakonsa. Mai sana'a zai ambaci danshin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kuma ya nuna maka na'urar awo, wanda ya hau kame-kame ka gode masa ka tafi. Tambayi bes mai biyar nawa ya taɓa yi, don iya jita mai tsirkiya shida ta yau da kullum ba iya bes ba ne. Ka roƙe shi ya yanka ramukan fikof a awon da aka saba, ya sa maɗaura da jaki na kamfanonin da ake samu kamar Hipshot ko Gotoh, kuma in ba ka da dalili mai ƙarfi, a ɗaura wuyan da sukurori. Komai ya shiga takarda: kowane awo da lambarsa, iyakar nauyin da ka yarda da shi, nawa ne kafin alƙalami da ko ana mayarwa, ranar gamawa da abin da zai biyo baya in ta wuce, da wanda zai ɗau nauyi in wuya ya motsa a shekarar farko. Shekarar da ya ce maka, ƙara mata wasu watanni a ranka, mai aiki shi kaɗai rashin lafiyar mako biyu ma tana tura layinsa duka baya. In kuma za ta tsallaka iyakar ƙasa, ka san irin itacen da ke jikinta. A 2017 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke barazanar ƙarewa, ta sa takunkumi a kan dukkan dangin itacen rozwud har da itacen bubinga, a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa, amma rozwud na Brazil yana ƙarƙashin hani mai tsauri tun 1992, kuma sassaucin bai shafe shi ba.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wadda kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Sayi ta kamfani mai lafiyayyen wuya, ka kai wa mai gyara ya yi mata saiti na gaske: ya daidaita firet, ya gyara zurfin makari, ya saita tsayin tsirkiya da daidaiton sauti har ƙarshen wuya. Rabin abin da mutane ke ji a hannu su ce "wannan aikin gwani ne" saiti ne kawai, wanda kamfani ba ya da lokacin yi wa kowace ɗaya. Daga nan abin da ya dame ka shi kaɗai za ka canja. Kai na rinjaya, sa maɗaura marasa nauyi. Sautin bai da kaifi, canja fikof ko ƙara lantarki mai batir. Haka makaɗin bes Marcus Miller ya yi da Jazz ɗinsa ta 1977, Roger Sadowsky ya sa mata lantarki a shagonsa na New York, kuma daga irin wannan gyare-gyaren kasuwancin Sadowsky ya girma. Ajiye tsofaffin kayan da ka cire a leda, ranar sayarwa ka mayar da su.

Game da tsirkiya ta biyar, kada ka yanke hukunci a kanti. Samu mai biyar ta hannu, ko ka ara, ka yi wasu watanni kana fita aiki da ita kaɗai, mai huɗun tana gida. Matsalar da za ka fara haɗuwa da ita ba danna sauti ba ce, kashe shi ne: B tana ruri da kanta duk lokacin da kake kan D ko G, sai babban yatsanka ya koyi sauka ya kwanta a kanta. Wasu cikin makonni suke sabawa ba su ƙara waiwayar huɗu ba. Wasu kuma sukan gano 'yan sautukan da suke nema a ƙasa, wato D da sautin da ke tsakaninta da E, ana samun su da ɗan maɓallin da ake ɗaura wa maɗaurin tsirkiyar E, wanda ke sauke ta zuwa D da taɓawa ɗaya. A waɗannan watannin ka ajiye ma'auni a jakar jitar. Duk bes ɗin abokin kiɗa da ta yi maka daɗi a hannu, auna faɗin wuyanta da tazarar tsirkiyoyinta, ka ɗora ta a sikeli, ka rubuta.